Abin da ke Rubuce a Bayan Lambar Kafaran

Duk wanda ya zauna da ni ya san ina da wata jaraba wadda ba ta ƙara wa aljihu komai. Wani shayi ne ciwonsa, wani ƙwallo, wani gardamar siyasa a bakin titi har tsakar dare. Ni kuwa tsofaffin lambobin soja nake tarawa, wato ƴan ƙarafan nan masu launi da sojan Faransa ke maƙalawa a aljihun riga na dama domin a san rundunar da mutum yake ciki. Yau ina da 43, a jere cikin wata tsohuwar batta. Maiɗakina tana ce musu tarkacen maƙera, kuma ban taɓa yi mata musu ba, tun da da yawansu daga hannun maƙera na ƙwato su, ana gab da jefa su wuta. A cikinsu akwai ɗaya wadda na biya kuɗinta fiye da sauran duka in an haɗa, alhali wanda ya san sana'ar ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ba ta wuce jika biyar ba.

Ta kakana ce na wajen uwa. A unguwarmu, a Damagaram, ba wanda ke kiran sunansa, sai dai a ce Kafaran, saboda igiya biyu da ya samu a soja. An ɗauke shi a 1942. Tun 1919 doka ta ɗora wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aikin soja na tilas, na shekara uku: a tara samari gaban kwamanda da lokotoro, a duba haƙori da ƙirji, sannan a jefa ƙuri'a. Tasa ta fito. Na san shi yana tsoho, dogo, mai ƙarancin magana, kuma ya rasu da daminar 2004 ina da shekara 14. Ranar 11 ga Nuwamba, da ranar karɓar fansho, yakan sa babbar rigarsa fara, ya kafa jar dara, ya jera lambobin yabonsa biyu a hagu, sannan ya maƙala wannan ƴar lamba a dama. Ya fi daɗewa wajen gyara zamanta fiye da na sauran.

A jikinta akwai anga, ƙugiyar nan da ke tsayar da jirgin ruwa. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, nakan tsokane shi in ce: «Tsoho, wai ina tekun Damagaram yake, da har aka ba ka ƙugiyar jirgi?» Sai ya ce: «Ja can, ɗan nema. Ruwan da na gani, da kai ne da tuni ka kira uwarka.» Sai da na girma na gane asalin abin. Rundunonin da Faransa ke aikawa ƙasashen da ta mallaka a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa suke har 1900, lokacin da aka mayar da su ma'aikatar yaƙi. Suka canza uban gida, amma suka riƙe angarsu. Shi ya sa ɗan Tanut ko ɗan Madawa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, ya yi shekaru da alamar matuƙan teku a wuyan riga.

A lise, mushen tarihi ya yi mana kwana biyu a kan saukar Amurkawa da Ingilishi a Normandi ranar 6 ga Yuni 1944. Saukar da aka yi a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta kuwa, layi guda ta samu a littafinmu. Ran nan da na koma gida na roƙi kawuna ya buɗe mini akwatin ƙarfen marigayi. Na tarar da littafinsa na soja, takardun sun yi ja, da rubutun magatakarda iri-iri: Dakar, Maroko, Korsika, tsibirin Elba a watan Yuni 1944, sannan Tulon a watan Agusta. Rundunarsa ita ce ta 6 ta tirayer ɗin Senegal. Mai karatu ya san wannan suna bai hana kowa shiga ba: tun da Faidherbe ya kafa su a 1857 ake kiran su haka, ko mutum Bambara ne, ko Mosi, ko Bazabarme, ko Bahaushe. Kawu ya ga yadda na ƙura wa takardun ido, ya ce tun da ni ne ɗan lakwal, in ajiye kayan a wurina. Ajiya ya ce, bai ce kyauta ba, ni ma na sani: ɗan ɗiya ba ya gado ga ɗa namiji a raye.

Daga nan jarabar ta fara. Da na kama aikin jarida, duk garin da aka tura ni sai na nemi layin masu tsofaffin ƙarafa. A kasuwar Dole ranar Alhamis, a babbar kasuwar Maraɗi, a Katako ta Yamai, nakan tsuguna in tona tarin makullai da famfuna da cokula. Tagulla da farin ƙarfe suna da kasuwa wajen masu zubi, saboda haka idan tsohon soja ya rasu, magada suka share ɗaki, lambarsa kan bi tsohuwar tukunya zuwa sikeli. Ta farko da na saya, dala arba'in na biya, mai kayan yana yi mini kallon wanda aka yi wa asiri.

Darasin farko da wannan sha'awa ke koya wa mutum shi ne ya daina kallon fuskar lamba, ya juya bayanta. Fuska kowa ya gani. A baya ake sanin shekarunta. Kamfanoni kaɗan ne suka ƙera mafi yawan lambobin sojan Faransa: Arthus-Bertrand a Paris, Augis a Liyon, da Drago, wanda ke da gida a Nis da Paris. Kowane yana buga sunansa a baya, sau da yawa har da adireshi. Drago ya yi ta ƙaura a cikin Paris, daga titin Béranger zuwa titin Olivier Métra, daga can zuwa titin Romainville, kuma duk ƙaura sai adireshin bayan lamba ya canza. Don haka lamba biyu na runduna ɗaya, masu zane ɗaya, za su iya kasancewa da ratar shekara goma sha a tsakaninsu, kuma sunan titi ne kawai zai tona. Bayan 1945 hukumar soja ta fara yi wa lambobi rajista, sai aka riƙa ƙara harafin H ko G da wani adadi. Wadda duk ka gani da wannan shaida, to ba ta ga yaƙin Hitila ba.

Akwai kuma maganar launi. Tsofaffin, ruwan tangaran ake zuba musu a gasa a wuta mai tsanani. Yana da zurfi kamar ƙarau, yana da sanyi a harshe, kuma idan ya faɗi ɓantarewa yake yi. Na baya-bayan nan ruwan roba ne, wanda farce ke iya yi wa zane. Ƴan kasuwar atamfa za su fahimce ni da sauri, domin su ma ba zanen suke saye ba, gefen turmi suke dubawa.

Waɗanda suka fi daɗaɗa mini rai su ne na ƙirar gida. Sojan da suka bi Janar Digol daga 1940 ba su da hanyar yin oda daga Paris, wadda ke hannun Jamus, sai suka kai wa maƙeran Alƙahira da na Sham da na Landan. A Indoshin ma maƙeran ƙasar sun yi wa bataliyoyi da yawa nasu. Irin waɗannan ba biyu da suke daidai: harafi ya karkace, ƙugiyar anga ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A wajen masu tarawa wannan karkata ita ce daraja. Rundunonin raƙuma na Sahara kuwa, da yawansu sun aro gicciyen Agadas suka ɗora a lambobinsu, har ya zamana kayan adon matanmu ya fi wasu janar-janar yawo a ƙirjin sojan Faransa.

Hatta lambobin yabo suna da nasu bambancin, kuma wani lokaci siyasa ce tsagwaronta. Gicciyen yaƙi na 1939 ƙyallensa ja ne da ratsin kore. Gwamnatin Vichy ta soke shi a 1941, ta fito da nata mai ƙyalle kore da ratsin baƙi. Ƙasarmu tana ƙarƙashin Vichy har watan Nuwamba 1942, alhali Cadi, maƙwabciyarmu, ta bi Digol tun 26 ga Agusta 1940 a hannun gwamna Félix Éboué. Ina da ɗaya mai kore da baƙi, wadda na samu a Tawa, kuma duk lokacin da na ɗauke ta nakan tuna cewa mai ita bai zaɓi ko ɗaya daga cikin launukan nan ba.

Wani ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa Katsina ya taɓa kawo mini tsaraba daga wancan gefen iyaka: lambar hula ta tagulla mai itacen kwakwa, ta sojan Ingila na Afirka ta Yamma. Ita ma tana da iri biyu, domin sai a 1928 aka ƙara harafin R a gaban WAFF. Su ne suka yi yaƙin Bama, runduna ta 81 da baƙin gizo a kafaɗa, ta 82 da māsu biyu a gicciye kan gammo. Na ajiye ta kusa da angar kakana. Wataƙila masu su sun taɓa cin kasuwa ɗaya kafin ɗaya ya nufi Tulon, ɗaya ya nufi dajin Bama, kowa da Baturensa.

Jabu ma akwai, kuma ba na ganin laifin maƙeranmu sosai. Tun lokacin da masu yawon buɗe ido ke zuwa, an koyi ɗaukar siffar lamba ta gaske da kaki, a yi zubi, a binne a ƙasa mako biyu ta yi tsufan ƙarya. Ana gane ta, domin zubi yakan fito da ɗan ƙanƙanta fiye da uwarsa, kuma haruffan baya sukan dushe kamar an lashe su. An taɓa cuta ta sau biyu. Na ajiye su, na rubuta musu «kuɗin makaranta».

Duk wannan ilimi da nake taƙama da shi, ban taɓa juya lambar kakana da idon mai bincike ba. Mutum ba ya auna zinariyar uwarsa. Sai a 2021, shekarar da damina ta yi gardama, gero ya yi tsada, ga matar kawu a kwance a asibiti. Wani dillali da ke saya wa Turawa tsofaffin kaya ya ji labarin akwatin, kawu ya kawo shi gidana. Mutum ne mai ladabi, ya san aikinsa. Ya fito da ɗan madubinsa, bai ko dubi angar ba, ya juya ta.

«Malam, wannan ai ba ta je yaƙi ba,» in ji shi. «Dubi nan: Drago, Olivier Métra. Sai bayan yaƙi suka koma wannan titi, wajen 1950. Mai ita ya daɗe da dawowa gida kafin a ƙera ta. Jika biyar, don mutunci.»

Na karɓi madubin na duba. Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan ƙa'ida tun da daɗewa. Sannan ya ce idan za a haɗa masa da littafin soja da lambobin yabo biyu da hoton marigayi, zai ba da jika ɗari biyu, domin a can an fi son kaya idan suna tare da sunan mai su. Kawu ya dube ni. Na roƙi arzikin mako guda.

Ba zan ɓoye wa mai karatu abin da ya zo mini a zuciya a daren nan ba. Kowa ya san hirar mazan jiya, yadda Bajamushe ɗaya kan zama goma idan shayi ya kai na uku. Na ce ko tsohon nan ma ado ya saya a kasuwa, ya yi shekara hamsin yana yi mana baraza da shi? Na tashi na sake buɗe littafin. Hatimin Elba yana nan, na Tulon yana nan, waɗannan kuwa ba a sayen su a Dole. To ina lambar da ya sa a can? A shafi na gaba na ga abin da na sha karantawa ban lura ba: a ƙarshen Oktoba 1944 an cire shi daga rundunarsa, an tura shi wani sansani a kudu.

Wannan layi guda yana da tarihi a bayansa. Bayan an ƙwace Tulon da Marsai, rundunonin suka haura arewa har duwatsun da ke kusa da iyakar Suwis. Da kaka ta kama, sai hukumar soja ta janye baƙaƙen soja, tsakanin dubu 15 da dubu 20, ta maye gurbinsu da samarin Faransawa ƴan sa-kai na cikin gida. Faransawa da kansu suna kiran abin da «farantawa». Hujjar da aka bayar ita ce sanyi. Amma akwai wata: Amurka ce ke ba da tufafi da makamai, ta kuma ƙayyade yawan rundunonin da za ta ɗauki nauyinsu, ga shi ana so a ga ƴaƴan Faransa a sahun da zai shiga Jamus. Saboda haka aka karɓi bindiga da kwalkwali da babbar rigar sanyi daga hannun wanda ya yi yaƙi, aka miƙa wa wanda zai yi faretin nasara. Har sunan rundunar aka canza: ta 6 ta tirayer ta koma ta 6 ta sojan ƙasa na mulkin mallaka. Waɗanda aka janye suka yi watanni a sansanoni irin na Firejus suna jiran jirgi. A cikin makonnin nan ne, ranar 1 ga Disamba 1944, aka buɗe wuta a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar a kan tirayer da suka fito daga kurkukun Jamus suna neman bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba Hollande ya ce aƙalla 70. Sai a 2024 shugaba Macron ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Na tafi wajen Inna, amaryar kakana, wadda ita kaɗai ta rage cikin matansa. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau. Na sa mata lambar a tafin hannu, ta shafa, ta yi dariya.

«Maigidana, yau kuma kishiya ka kawo mini? Ai wannan ta akuya ce.»

Na ce wace akuya, Inna?

Ta ce ita ba ta ga dawowarsa ba, tana yarinya, amma uwargidan ta gaya mata cewa da kakin da ke jikinsa da bargo ɗaya ya shigo gari. Bayan an kawo ta gidan da shekara biyu ko uku, wani yaro ɗan ƙauyensu ya dawo daga soja a Maroko, ya zo gaisuwa da lamba a ƙirji. Kafaran ya ga adadin da ke jiki, ya tashi tsaye. Ashe an sake kafa rundunar da tsohon sunanta bayan yaƙi. Ya roƙi yaron ya bar masa, yaron ya ce kayan gwamnati ne, za a tambaye shi. Aka yi ta ja har Kafaran ya shiga garke ya kamo akuya mai ciki, wadda kuwa ta Inna ce, cikin kayan aurenta.

«Wata uku ban yi masa magana mai daɗi ba,» in ji ta. «Na ce akuya mai ciki a kan marfin gwangwani? Ya ce mini, ran taron tsofaffin soja kowa da shaidarsa a ƙirji, shi kaɗai yake tsayawa kamar baƙo. Bai biya ni ba har ya koma ga Allah. Kai ne magajinsa a wajena, sai ka biya.»

A hanyar komawa gida na yi ta lissafi irin na ƴan kasuwa, ban so ba. A watan Disamba 1959 majalisar Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da ke samun ƴancin kai, ya tsaya cik a inda yake, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Wani tsohon sarsan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. Aka gyara wani sashe a 2007, bayan fim ɗin Indigènes ya ta da ƙura, sauran kuma sai a 2011. Kafaran bai ga ko ɗaya ba. Takardar da ya riƙa kai wa gaban akawu shekara da shekaru ana ba shi abin da bai kai ya kawo ba, yau ita ce ake yi wa tayin jika ɗari biyu don ta kwanta cikin gilashi a ɗakin wani a Turai. Ban zargi mai sayen ba. Ni ma abin da nake yi ke nan da lambobin kakannin wasu, guda 42, waɗanda ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ban kuma zargi kawu ba. Kayansa ne, matarsa ce a kwance, kuma tarihi ba ya sayen magani. Da mako ya cika na je na same shi bayan sallar isha'i, na ce: «Kawu, ka sayar mini. Yadda dillali ya taya, haka zan biya, amma a wata takwas.» Ya yi shiru, ya ce abin kunya ne ya karɓi kuɗin ɗan ƙanwarsa a kan kayan ubansa. Na ce kunyar ta fi yawa idan baƙo ya karɓa. Ya amsa da sharaɗin in kawo rabin kafin Juma'a, saboda asibiti ba ta san wata takwas ba. Na sayar da babur ɗina.

Dillalin ya dawo sau ɗaya, ya ƙara jika ashirin, na ba shi haƙuri da ruwan sanyi. Kafin ya tafi ya duba sauran battar, ya nuna wata ƙirar Alƙahira mai karkataccen harafi, wadda na saya dala ɗari a Katako, ya ce ita kaɗai ta fi duk abin da ke ɗakin daraja, in na yi shawara in neme shi.

Inna kuwa ba ta manta ba. Da sallar layya ta zagayo ta aiko yaro ya tuna mini bashin da ke kaina. Na sayi akuya ja a kasuwar dabbobi na kai mata har ɗaki. Ta shafa cikinta da hannu biyu, ta ɗago kai ta ce wannan ba ta da ciki, saura rabi.